Layi nawa zan ɗora bayan linta, biyu ko biyar?

Abu_Khalil_Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni yin gini. Ina da aiki a Tumfure, ɗaki uku da falo, kuma an gama zuba linta, kankaren da yake zagayawa a saman ƙofofi da tagogi. Yanzu magana ta tsaya a kan layin bulo nawa za a ɗora kafin kafinta ya hau yin rufi. Birkilana ya ce biyu sun isa, haka yake yi wa kowa. Yayana kuma ya ce kada in kuskura in yi ƙasa da biyar, wai a zafin Gombe duk ɗakin da bai kai ƙafa 12 ba tanda ce kawai. A takardar zane kuwa mita 3 aka rubuta. Kuɗi kun san halin da ake ciki, ga rufi yana jira. Silin POP, wato na filastar ado, nake so in yi a falo da ɗakina, sauran ɗakunan silin roba na PVC. Don Allah wanne zan bi?

Sani_Arawa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa a gama lafiya. Yi uku ka huta, shi yawancin mutane suke yi yanzu.

Maman_Walida:
Amin. Ni dai roƙona kada ka yarda da layi biyun nan tunda POP za ka yi. Gidan da muke haya a Bolari haka aka gina shi, daga baya mai gidan ya zo ya sa POP mai hawa biyu a falo. Maigidana dogo ne, idan zai gyara babbar riga a tsakiyar falo sai an kashe fanka tukuna. Baƙo ya ɗaga yaro sama yana masa wasa, gabana sai ya faɗi. A ɗakin yara mun so mu sa gado mai hawa biyu, dole muka haƙura saboda na sama zai iya taɓa fanka da hannu.

Injiniya_Bappa:
Malam Abu Khalil, kafin a shiga gardamar biyu ko biyar, ɗauki tef ka je wurin aikin. Ƙirgen layi yana ruɗin mutane ƙwarai. Bulo mai inci 9 tsayinsa santimita 22 da rabi ne a ƙa'ida, amma ba kowane gidan bulo ne yake fitar da cikakken awon ba. Kaurin kwaɓin da ake sawa tsakanin layi da layi kuma ya danganta da hannun birkila, wani santimita 1, wani har 2 da rabi. Don haka layi 12, wato tara zuwa linta, lintar kanta, da biyu a sama, a wani gini zai ba ka mita 2.8, a wani kuma mita 3 cif. Wannan tazarar ba ƙarama ba ce.

Sannan mita 3 da mai zane ya rubuta, ka tambaye shi daga ina zuwa ina yake nufi. Abin da ya dame ka shi ne daga saman tayil zuwa ƙasan silin, sararin da za ka zauna a ciki bayan an gama komai, ba tsayin bulo tsirara ba. Daga tsayin bangon za ka cire abin da daɓe da tayil za su ci, wajen santimita 5. Idan ba a zuba jaman fulo, wato kankaren ƙasan gini, ba tukuna, kamar yadda wasu suke bari sai an yi rufi, ka cire wani 10 zuwa 15. Sai POP, wanda gefensa da yake saukowa don ɓoye fitila yakan ci santimita 20 zuwa 30. Wanda ya fara da 2.8 ka ga zai iya ƙarewa da 2.5 a gefen falo. Abin da ya samu gidan da Maman Walida take ciki ke nan.

Ga ma'auni a ƙafa don masu ƙirga da ita: ƙafa 9 mita 2.74 ce, ƙafa 10 mita 3.05, ƙafa 11 mita 3.35, ƙafa 12 mita 3.66.

Abu_Khalil_Tumfure:
Na gode Injiniya. An zuba jaman fulo tun kafin a tada bango. Gobe da safe in sha Allahu zan auna in kawo muku.

Usta_Birkila_Pantami:
Bari in ɗan kare ɗan uwana birkila, don na ga an fara ɗora masa laifi. Layi biyu bayan linta ba ƙarya ya yi ba, haka muka tashi muka ga iyayen gidanmu suna yi. Amma a lokacin silin na kwali ne ko asbesto, a buga shi a jikin katako shafe, ba ya cin komai. Ƙasa kuma daɓen siminti ne kawai. Zuwan POP da tayil shi ya canja lissafi. Ni yanzu duk wanda ya ce min POP zai yi, uku nake ce masa, in ya ƙi in ce ya tuna na faɗa.

Wani abu kuma da ba ku sani ba, sau da yawa birkila yana kallon aljihun mai aiki ne. Idan ka ga ana kawo maka siminti buhu biyar-biyar, ba za ka buɗe baki ka ce a ƙara layi uku ba.

Dan_Yelwa_BH:
Ni ina bayan yayanka ɗari bisa ɗari. Ƙafa 12 na yi a nan Yelwa, Bauchi, kuma duk wanda ya shigo falona a watan Afrilu sai ya yi magana. Iska mai zafi sama take tashi, wannan ko ɗan firamare ya sani. Idan sama ta yi nisa, zafin ya yi nisa da kai. Gini sau ɗaya ake yin sa, kuɗin layi biyu ko uku za ka manta da shi, amma zafi duk bazara sai ya dawo. Mu nan Bauchi ma da muke da ɗan sauƙi muka yi haka, balle ku Gombe.

Zainab_mai_zane:
Yaya Dan Yelwa, gaskiya ne iska mai zafi tana tashi sama, amma in ta tashi ina za ta? Idan babu kafar da za ta fita, taruwa take yi, fanka kuma ta dawo maka da ita ƙasa. Ina karatun zanen gine-gine a jami'ar ATBU da ke Bauchi, kuma wannan yana cikin abin da aka fi nanata mana: a gida marar bene, yawancin zafin rana ta kwano yake shigowa. Kwano ya ɗauki zafi, sararin da ke tsakaninsa da silin ya zama kamar an rufe wuta, silin ɗin kansa ya yi zafi ya riƙa sako shi ƙasa a kan mutane. Ƙara ƙafa ɗaya ko biyu yana ɗan nisanta ka da silin mai zafi, ban musa ba, amma bai hana shi yin zafin ba. Zan so in san yadda rufinka yake da kuma tagoginka, don ina zargin su ne suke maka aikin da kake yaba wa tsayi.

Dan_Yelwa_BH:
Rufin dogo ne, an bar masa baki ya fito waje sosai. Falon tagogi huɗu ne, biyu gabas biyu kudu, ga bishiyar darbejiya ta yamma.

Zainab_mai_zane:
To ka gani. Bakin rufi yana yi wa bango inuwa, bishiya ta tare ranar yamma wadda ita ce mafi muni, iska kuma tana shiga ta wani ɓangare ta fita ta wani. Da ƙafa 10 ka yi da waɗannan, ba na jin za ka ji bambanci mai yawa.

Dan_Yelwa_BH:
Ƙanwata, karatu daban, zama a ciki daban. Maƙwabcina rufinmu iri ɗaya ne, nasa ƙafa 10, kuma ina shiga gidansa. Akwai bambanci. Ko ba a ma'aunin zafi ba, a numfashi akwai. Ɗaki mai tsayi ba ya danne mutum.

Baba_Kobi:
Ku yara ku duka kuna da gaskiya, amma ku bari in tuna muku abin da magabata suka yi. Wanda bai taɓa zuwa Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa ba, ya daure ya je ya ga ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Ka shiga ka ɗaga kai ka ga yadda bakan gizo ya tashi ya haɗe a sama. Tsayi kam akwai shi. Amma ka dafa bangon ka ji kaurinsa. Tubali ne da ƙasa, rufin kuma azara ce aka jera aka ɗora ƙasa mai kauri a kai. Rana za ta yini tana dukan soro, zafin bai gama ratsa shi ba sai dare ya yi, lokacin kuwa mutane suna tsakar gida a kan tabarma. Da asuba kuma ya huce.

Kuma ku lura, ba kowane ɗaki suke ɗagawa ba. Zaure da soron baƙi da turakar mai gida su ake yi wa tsayi, don nan jama'a suke taruwa, kuma nan ake nuna martabar gida. Ɗakunan kwana na cikin gida ba su kai haka ba. Azara ma ba ta yarda a yi mata faɗi, shi ya sa in ana son babban soro sai an yi baka ko ginshiƙi. Yanzu mun ɗauki bulo mai rami da kwano sirit, muna so tsayi kaɗai ya yi mana aikin da kauri yake yi. Ba zai yi ba.

Gidajen Turawa na GRA da na ma'aikatan jirgin ƙasa, da layin dogo ya iso Bauchi a 1961 ya kai Gombe a 1963, su ma ku duba waɗanda suka rage. Suna da tsayi, amma suna da baranda, da ƙananan tagogi a sama da ƙofa.

Sani_Arawa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wallahi ɗakin kakata a Kumo na ƙasa ne, da azumin bazara can muke gudu.

Mai_Sola_Gombe:
Ni ta fannin wuta zan yi magana. Abu Khalil, tambayi kanka tun yanzu: fanka za ka dogara da ita ko AC? Idan AC ne, kowace ƙafa da ka ƙara iska ce da za ka biya kuɗin sanyaya ta. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, in tsayinsa ƙafa 10 ne, ka mayar da shi 12, ka ƙara kashi 20 cikin 100 na iskar da ke ciki, ga ƙarin bangon da rana za ta daka. Ɗakin da AC mai doki ɗaya yake riƙewa da kyar, sai ka koma ɗaya da rabi. A kan sola wannan ƙarin faranti ne da ƙarin batir, kuma batir shi ne mai tsadar.

Idan fanka ce, abin da ake so fukafukanta su kasance wajen mita 2.4 zuwa 2.7 daga ƙasa, kuma a bar tazarar kamar ƙafa ɗaya tsakaninta da silin don ta samu iskar ja. A ɗaki mai ƙafa 10 sandar da ta zo da ita ta wadatar. A mai ƙafa 12 sai an yi mata doguwar sanda, in ba haka ba tana can sama tana juyawa kai kana ƙasa kana gumi. Na shiga gidaje da dama an kira ni wai fanka ba ta da ƙarfi, alhali lafiyarta ƙalau, nisa ne ya yi yawa.

Dan_Yelwa_BH:
Wannan gaskiya ne, sai da mai walda ya ƙara wa nawa sanda. Amma ai ba wani kuɗi ba ne.

Hajiya_Fadaman_Mada:
Maza kuna ta lissafin bulo da batir, ba wanda ya tambayi wadda za ta share gidan. Ƙanena ya yi irin dogon ginin nan. Da hunturu ƙura takan kwanta a kan kwanar POP da fukafukan fanka, matarsa ba ta isa ko da doguwar tsintsiya, sai an nemo yaro da tsani. Ƙwan fitila ya mutu, sai ya yi sati a mace. Labule kuma sai da aka ɗinka na musamman, don in ka rataye shi daidai kan taga sai a ga bango fili a sama ba kyau, in ka kai shi sama kuma yadi ya ƙaru. Ranar da aka zo jere, sif ɗin da iyayenta suka saya sai ya zama ɗan ƙarami a ɗakin. Sannan falon yana amsa kuwwa, sai da aka shimfiɗa kafet aka cika kujeru kafin magana ta daina dawowa.

Kuma kada ku manta ba bazara kaɗai muke da ita ba. Disamba da Janairu a Bauchi, dogon ɗaki mai tayil ba ya ɗumi ko kaɗan. Tsofaffi da jarirai su suke shan wahalar.

Amma kicin, shi kam ku ɗaga shi, ku kuma yi masa ƙaramar taga can sama. Nan ne mace take tsayuwa a kan wuta.

Maman_Walida:
Hajiya kin faɗi gaskiya a kan kicin. Namu taga ɗaya ce kuma a ƙasa, in ana suya sai hayaƙi ya tsaya a kai.

Abu_Khalil_Tumfure:
Na je na auna. Daga jaman fulo zuwa saman linta mita 2.42 ne a falo. A ɗakin baya 2.40.

Injiniya_Bappa:
Madalla. Ke nan kowane layi naka yana cin wajen santimita 24. Ga yadda abin zai kasance a tsayin bango: layi biyu 2.90, uku 3.14, huɗu 3.38, biyar 3.62. Cire 5 na tayil. Da layi biyu, tsakiyar falo za ta tsaya wajen 2.75 bayan POP, gefe kuma 2.55 ko ƙasa da haka. Da uku, tsakiya wajen mita 3, gefe 2.8. Ka ga uku ne ya yi daidai da abin da ke takardarka. Biyar ne zai kai ka kusa da ƙafa 12 ɗin yayanka, shi ma ba cif ba.

Ƙarin kowane layi ba bulo ba ne kawai. A ce jimillar tsawon bangonka, na waje da na ciki, mita 100 ce. Layi ɗaya zai ci bulo sama da 200, da siminti wajen buhu huɗu na ɗaurawa. Sai filasta ciki da waje, wajen murabba'in mita 50, sai fenti a kan wannan fili duk lokacin da za a sake. Rodin filoli ma dole ya kai sama. Ka auna naka bangon ka ninka da farashin yau a wurin da kake saye.

Usta_Birkila_Pantami:
Injiniya ka taɓo inda nake so. Abu Khalil, bulonka inci nawa ne, kuma filolin an bar musu rodi a sama ko an yanke a linta? Idan inci 6 ne kuma an yanke rodi, kada ka ɗora layi biyar a kai haka kawai. Bango ne zai tsaya fiye da mita ɗaya a saman linta ba abin da ya riƙe shi, kuma a kansa rufi zai zauna. In dai za a wuce uku, ni sai an kai filoli sama an sake zuba bim na kankare a zagaye kafin in yarda kafinta ya hau.

Kafinta_Wunti:
Usta ya yi magana. Waɗanda suke Bauchi ba su manta iskar da aka yi a watan Yunin 2018 ba, washegarin ƙaramar Sallah. Mun yi watanni muna gyaran rufi. Abin da na gani da idona a gidaje da yawa, ba kwano kaɗai iska ta ɗauka ba, har da layukan bulon saman linta ta tafi da su, don katakon a jikinsu aka ɗaure shi da langalanga, su kuwa ba abin da ya haɗa su da ƙasa sai kwaɓi. Duk yadda gini ya ƙara tsayi, haka iska take ƙara samun wurin kamawa, musamman a sabuwar unguwa da ba gidaje ko bishiyoyi a kewaye. A ɗaure rufi a jikin kankare, da rodi ko langalangar da aka binne tun lokacin zubi.

Game da zafi kuma ina tare da 'yar makarantar nan. Kuɗin layi biyun da za ka ƙara, ka kawo shi rufi. A ɗaga shi ya samu sarari a ciki, a bar masa kafofin shan iska a ƙarƙashin baki da kuma can sama a goshi, a sa raga saboda jemage da tsuntsaye. In da hali a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano. Kwano mai haske kuma ya fi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu sauƙin zafi, ko da yake mutane duhun suke so don ado.

Auwal_BCGA:
To ya batun rufin da ake ɓoyewa a cikin farafet, wato bangon da ake tayarwa ya rufe kwano? Shi nake shirin yi, don na ga ya fi kyau kuma bai cin katako da yawa.

Kafinta_Wunti:
Yana da kyau a ido, kuma farafet mai ƙarfi yana kare kwano daga iska. Amma kwanon yana kwanciya kusa da silin, sarari kaɗan ne, iska ba ta ratsawa, bango kuma ba shi da inuwa ko ta taƙi ɗaya. Ga magudanar kankare da take toshewa da ganye da leda, ruwa ya koma cikin POP. In shi za ka yi, kai ne ma kake buƙatar ƙarin tsayi da abin tare zafi fiye da Abu Khalil.

Malam_Jekadafari:
Akwai dalili ɗaya na ƙara tsayi da ban ga an ambata ba, kuma a Gombe yana da muhimmanci. Gidan mahaifinmu lokacin da aka gina shi sai ka hau matakala biyu kafin ka shiga zaure. Shekaru suka wuce, yashi yana gangarowa duk damina, maƙwabta kowa yana ciko, daga baya aka yi titi da magudana aka ɗaga hanya. Gidan ya koma rami, ruwa yana shiga ɗakuna. Dole muka cike tsakar gida da ɗakunan fiye da ƙafa ɗaya. Yanzu dogon mutum sai ya sunkuya a ƙofa, fanka kuma mun cire mun koma ta tsaye. Da ginin yana da rarar tsayi da abin bai kai haka ba. Tumfure sabuwar unguwa ce, layuka da yawa ba a yi musu kwalta ba. Abu Khalil, daɓenka ya ɗara hanya da nawa?

Abu_Khalil_Tumfure:
Layi uku aka tayar daga ƙasa kafin a yi ciko, Malam. Filin kuma yana ɗan tudu.

Injiniya_Bappa:
To da sauƙi. Amma Malam Jekadafari, maganin wannan matsalar a fandisho yake, ba a saman linta ba. Ko bango ya kai ƙafa 12, in ka cike ɗaki da ƙafa ɗaya, linta tana nan inda take, ƙofar da take mita 2.1 ta koma 1.8. Sai an fasa. Wanda bai fara gini ba ya ji wannan da kyau, ya ɗaga daɓensa sama da inda yake tsammanin titi zai kai.

Malam_Jekadafari:
Haka ne, ƙofofin sai da muka fasa biyu. Amma fasa linta ya fi cire rufi sauƙi.

Ummu_Sadiq:
Don Allah Injiniya ni ma in shigo da tawa. Mu bene muke so, ƙasa a gama a shiga, sama sai Allah ya hore. Lissafin ɗaya ne?

Injiniya_Bappa:
Ba ɗaya ba ne, Hajiya. A bene dekin yakan kai kaurin santimita 15, bim kuma yana saukowa ƙasa da shi, sau da yawa wajen santimita 30. Bututun banɗakin sama ma ta nan suke bi. In kina so POP ya rufe su duka, daga ƙasan bim za ki fara awo, ba daga ƙasan dekin ba. Sannan kowace ƙafa da aka ƙara tana ƙara matakala biyu, don kowace matakala bai kamata ta wuce santimita 15 zuwa 17 da rabi ba. Ki tuna da tsofaffi da masu ciki da za su hau. Ta fannin zafi kuwa, hawan ƙasa yana cikin inuwar na sama, ba ya buƙatar tsayi sosai. Amma kafin a gina saman, dekin tsirara a rana yana tara zafi ya sako shi da dare, wannan ki shirya masa. Kuma bene kada a yi shi sai da zanen injiniya da amincewar hukumar tsara birane.

Abdul_POP:
Mu masu POP kullum mu ake kira a ƙarshe, a ce mu yi abin al'ajabi a ɗakin da ba tsayi. Shawarata ga mai tambaya: bango ya fi silin wuyar gyara. In bango yana da tsayi, zan iya sauke maka silin zuwa duk inda kake so, falo a bar shi sama, ɗakin kwana a sauke shi saboda AC, banɗaki da lungu a ƙara saukewa. In bango gajere ne ba abin da zan iya. Don haka ni huɗu zan ce, a samu rara.

Kuma ba dole ne a yi hawa biyu ko uku ba. POP shafe da 'yar kwana a gefe bai cin tsayi, ƙura ba ta samun wurin kwanciya, Hajiya ta huta.

Sani_Arawa:
Oga Abdul, ka sayi bulo ka biya birkila sannan ka ɓoye shi a cikin silin? Mai kuɗi ne zai yi wannan.

Zainab_mai_zane:
Ba asara ba ce gaba ɗaya, Yaya Sani, sararin da ya ƙaru a saman silin yana taimakawa in akwai kafar iska. Amma ni in za a ƙara layi na huɗu, na fi so a yi amfani da shi: a bar ƙananan tagogi a saman linta, dab da silin, a sa musu raga da gilashin da ake buɗewa. Ku duba manyan masallatanmu, yawanci suna da irin waɗannan a sama. Iska mai sanyi ta shigo ta tagar ƙasa, mai zafi ta fita ta sama. Suna da wani amfanin ma, ba wanda zai leƙo ka ta nan, kai ma ba ka leƙa gidan maƙwabci ba, ana iya barin su a buɗe duk dare ba fargaba.

Hajiya_Fadaman_Mada:
Da hunturu kuma wa zai hau ya rufe su?

Zainab_mai_zane:
Sau ɗaya ne a shekara, Hajiya, a rufe in ƙura ta fara, a buɗe in zafi ya shigo.

Abu_Khalil_Tumfure:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Layi biyu dai ya fita daga lissafi. Usta, bulon waje inci 9 ne, na ciki inci 6, rodin filoli kuma an bar shi ya fito kamar ƙafa uku. Na nuna wa yayana bayanin Injiniya da na Kafinta, ya sauko zuwa huɗu amma ya ce ƙasa da haka ba ruwansa. Ni kuma zuciyata tana kan uku in kai sauran kuɗin rufi. Maganar tagogin sama ta shiga raina, sai dai ban sani ba ko za su yiwu da layi uku.

Dan_Yelwa_BH:
Bi maganar yayanka. Huɗu.

Usta_Birkila_Pantami:
Rodin ƙafa uku zai kai ka layi uku ba tare da ƙari ba, huɗu sai an ɗaura masa wani. Tagar sama da layi uku za ta yiwu a ɗakunan PVC, a bar layi ɗaya a buɗe a kan linta a zuba ɗan kankare a samansa. A falo kuwa gefen POP zai iya rufe ta, sai dai in shafe za ka yi kamar yadda Abdul ya ce. Kuma bambancin santimita 2 da ka samu tsakanin falo da ɗakin baya, ka ce wa birkilanka ya zagaya da tiyon ruwa ya daidaita a layin farko, kada ya bari sai na ƙarshe.

Auwal_BCGA:
Kafinta, takardar mai ƙyallin da ka ce, a kan katako ake shimfiɗa ta kafin kwano ko a kan silin? Kuma a Gombe ana samun ta ko sai an aika Kano?